Daminar da Na Karɓi Aikin Zuma

Yanzu in na fito da sassafe, abin da kunnena ke fara ji kukan jirgin ƙasa ne daga can wajen Gusau, idan iska ta juyo ta nan. Ba na ƙin jirgin. Ya kawo gishiri da kananzir, ya sauke mana auduga da gyaɗa daga ka. Amma da ba shi ke tashin mu ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Wanke da 'Yandoto, kuma lokacin da nake tasowa itace ya fi mutane yawa: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kanya, marke, har bakin danga. In ɗorawa ta yi fure, tun kafin ka gama alwala za ka ji garin yana wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa a wani gida mai nisa. Zuma ce ta fito aiki. Ba mu ɗauki wannan ƙara a bakin komai ba, kamar yadda mutum ba ya jin numfashinsa. Yau an sare yawancin itatuwan nan, wasu wurarensu sun zama gonar auduga, wasu sun tafi a itacen wuta. Yaran yanzu abin da suka sani game da zuma biyu ne: tana harbi, kuma ana shan ta. Ni ma iyakar sanina ke nan har gemu ya fara tsiro mini. Sai da na yi ɓarna da hannuna na san sauran.

Mahaifina mai amya ne. Ga wanda bai sani ba, amya ita ce ɗakin da ake saƙa wa zuma da ciyawa, dogo kamar ganga, a shafe shi da kashin shanu, a turara cikinsa da kakin zuma da ganyen ɗoɗɗoya, a ɗaura a kan itace a jira Allah ya kawo masu shiga. Baba yana da su wajen ashirin, warwatse daga bayan gida har bakin fadama. Tun ina ƙarami aikina shi ne yanko ciyawar gamba, da zuwa rugar Fulanin da ke maƙwabtaka da mu in kwaso kashin shanu ɗanye a tsohuwar ƙwarya. Matan rugar su yi ta yi mini dariya, wai Bahaushe ya zo sayen abin da saniya ta yar. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma a kan cirar zuma ba ya gajiya da maimaita abu uku. Ba a cira sai rana ta faɗi, zuma ta natsu. Hayaƙi ake yi mata, ba harshen wuta ba. Kuma saƙar da ke da 'ya'ya a ciki ba a taɓa ta, sannan ko cikin mai ruwan ma sai an bar musu rabonsu. Yakan ce, "Ka ɗebi naka, ka bar musu abin da za su ci har hure shi dawo. Ba kai kak kawo su ba, da kansu sunka zo, kuma sun san hanya." Ina jin wannan kamar yadda ake jin maganar tsofaffi, ta shiga nan ta fita can.

Shekarar da nake magana a kanta, jirgi bai iso ba tukuna, amma yaran kantunan Turawa sun fara bin ƙauyuka suna neman fata da auduga da abin da ya samu. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbunmu bai kai wuya ba. Sai kuma da bazara Baba ya zamo daga kan kaɗanya ya karye a cinya. Maɗori ya zo ya ɗaure shi da kara, ya ce ba tashi sai bayan kaka. Mu tara ne a gidan, kuma ni ne babba a cikin maza. Baba ya kira ni ya miƙa mini igiyar hawa, ya ce cirar bana tawa ce. Na ji kaina ya yi girma.

A kwanakin ne wani mutum ya sauka a gindin tsamiyar kasuwa da jakai biyu. Ya ce shi ba ruwan zuma yake nema ba, kaki yake so, wato abin da ke saura in an narkar da saƙa. Mai ruwa, marar ruwa, mai 'ya'ya, duk ɗaya ne a wurinsa, in dai za ta narke. Ya baje kaya a kan tabarma: farin ƙyalle, madubai, da jar dara guda uku. Ban taɓa son wani abu a duniya ba kamar yadda na so hular nan. Mutumin ya ce kwana huɗu zai yi ya wuce Tsafe. Na yi lissafi a raina: in na bi hanyar Baba, amya biyu ko uku a yammaci ɗaya, kuma in bar rabin saƙa, ba zan tara abin da zai kai hula ba. Sai na tara samarin garin, sa'o'ina, na ce mu yi da rana, mu yi da yawa. To zuma da rana ba ta tsayawa a yi mata hayaƙi. In kana son ka sauko da idonka, sai ka cusa mata wuta. Haka muka yi. Muka bi amyoyin Baba ɗaya bayan ɗaya, muka bi na sauran gidaje da 'ya'yan gidan suka nuna, da muka ga abin na tafiya muka shiga daji muka bi kogunan itace. Ba zan ɓoye ba, ni ne a gaba. Har yau in ana babbakar kan rago sai warin nan ya dawo mini. Ƙasan itatuwa ta yi baƙi, kana takawa tana ƙaras-ƙaras.

Ranar da na shigo gida da jar dara a kaina, Baba yana kwance a zaure, ƙafarsa miƙe cikin kara. Bai kalli hular ba.

"Amya nawa kab bari da rai?"

Na ce zuma ta yi kyau bana, an cika tuluna.

"Ba abin da nit tambaye ka ba ke nan. Nawa kab bari?"

Na ce babu.

Ya lumshe ido. Sannan ya ce, "To. Tahi ka sha." Ya juya fuskarsa ga bango. Daga ranar, in na gaishe shi ya amsa, amma ba ya ƙara ko kalma ɗaya a kai. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Sai damina ta sauka. Ni kaɗai ne mai ƙarfin noma a gidan, don haka ko rabin gonar hatsi ban iya bi ba. Kowa ya san gero da dawar bana ba za su kai mu ko tsakiyar rani ba. Abin da aka zuba wa ido shi ne kabewar Kaka, mahaifiyar Baba. Tsohuwar tana da wani fili a bayan gida inda ake zuba toka da shara, kuma kowace shekara kabewa takan rufe shi, ta hau danga, ta hau rumfa. Mutanen yanzu sun raina kabewa, sai a miyar taushe suke tunawa da ita. A lokacinmu abinci ce. A dafa ta da gishiri yara su ci su kwanta, a yanyanka a shanya a ajiye, a ba matan Fulani su ba da nono da mai. A shekarar da hatsi ya gaza, ita ke tsayawa tsakanin gida da yunwa.

Kabewar ta fito da kyau, ganye kamar faifai. Ta yi fure ruwan ɗorawa ko'ina. Amma gunda, wato ɗan ƙwallon da ke gindin fure wanda shi ne zai zama kabewa, sai ya kai kamar ƙwan zabo ya tsaya, ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi. Yau goma, gobe ashirin. Kaka ta zuba toka. Ta kafa tsohuwar tukunya a kan sanda don maganin bakin mutane. Ta zargi akuyar maƙwabta, ta zargi wata mata da ta taɓa yaba ganyen. Ba abin da ya sauya. Kullum da safe sai ta tsinto matattun gundar a gefen zanenta ta zube a tsakar gida, ta zauna tana kallon su. Ita da ba ta wuce ni ba tare da ta tsokane ni ba, don tun ina goye take kirana maigidanta, sai ga shi ta daina wasa.

Ana cikin haka Kawu ya zo daga Bungudu duba Baba. Yayan mahaifiyata ne, kuma a ƙuruciyarsa ya bi ayarin fatake har ƙasar Buzaye. Da safe Kaka ta ja shi bayan gida ta nuna masa. Ina biye da su. Ya tsuguna, ya leƙa cikin fure ɗaya, ya leƙa wani, ya daɗe yana sauraro kamar mai jiran a kira shi.

"Inna, ina zumar garin ga?"

Kaka ta nuna ni da haɓa. "Tambayi maigidana. Ga ta nan bisa kansa, ja wur."

Kawu ya dube ni, ya dubi hular. Ya tsinko wani fure mai dogon wuya, marar gunda. Ya yage ganyensa, ya bar tsinken tsakiya, ya shafa a bayan hannuna. Wani gari mai launin ɗorawa ya manne a fatata.

"Ka ga wanga? Namiji na. Wancan mai gunda, mace ta. In garin ga bai kai cikin waccan ba, babu kabewa, ko ka zuba mata tokar garin nan duka. Can arewa na ga masu dabino suna hawa da kansu suna kai na namiji wurin mace. Mu nan ba mu taɓa wahalar ga ba, don akwai masu yi muna. Ta shiga nan ta sha, ta hito da gari a jiki, ta shiga can. Kai kuwa ka sallame su."

Na ce ai ba duka suka mutu ba, jiya ma na ga ɗaya a bakin rijiya.

"I, ka ga ɗaya. Kai ma kai ɗaya na a gonar ubanka. Ka gama ta?"

Ya kama furen macen a hankali, ya goga tsinken nan a cikinsa, ya ɗaura masa zaren ciyawa don a gane shi. Ya yi wa guda biyar haka. Ya ce a duba bayan kwana uku, ya shiga wurin Baba.

Bayan kwana uku, huɗu daga cikin biyar ɗin sun yi kore shar, sun fara kumbura. Kaka ta zagaya su sau biyu, ta taɓa kowanne da ɗan yatsa. Sannan ta juyo gare ni, kuma na ga tsohuwar fuskarta ta dawo.

"To, maigida, an samu aikin da ya dace da kai. Tunda ka kashe ma'aikata, sai ka ɗauki aikinsu. Gobe da asuba. Kuma ka zo da hular ga, ta yi daidai da kwando."

Haka na yi daminar nan. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin hantsi ya rufe, kuma wanda ya rufe ya rufe ke nan. Don haka ina idar da salla sai bayan gida, raɓa har gwiwa, ƙaiƙayin ganye har wuya. In tsinko mazan in tara a jar dara, in bi matan ɗaya-ɗaya a duƙe, in ɗaura ciyawa, sannan in ɗauki hauya in nufi gona da bayana yana ciwo tun ban fara ba. Hanyar rijiya ta bayan dangarmu ta bi. Cikin kwana biyu labari ya gama gari. 'Yan mata su tsaya da tuluna a ka suna leƙe.

"Liman, an ɗaura auren yau?"

"Limamin kabewa, ina goron?"

Wata ta ce in na gama da kabewa in zo gidansu, kazarsu ta ƙi ƙwai. Kaka kuwa, maimakon ta kore su, sai ta ɗauko kujerarta ta zauna a bakin danga tana ba su amsa. "Ku bar mani miji shi yi aikinshi. Kuna ganinshi haka, harbi kaɗai na bai iya ba." Samarin da muka yi ƙunar tare su suka fi kowa dariya, har ranar da iyayensu mata suka gano cewa tasu kabewar ma zubewa take. Sai ga tsofaffi suna sallama a bayan gidanmu da sassafe, wai a nuna musu namiji da mace. Kafin wata ya ƙare, duk wanda ya riƙe wuta a bazarar nan yana duƙe a cikin kabewar uwarsa.

A duƙen nan na koyi abin da ban koya a tsaye ba. Filin tsohuwa ɗaya ya ishe ni, to wa zai bi furen riɗi da hannu? Riɗinmu na shekarar rabinsa kwanso ne. Audugar da ke bakin fadama ma ba ta yi kamar yadda ta saba ba. Amma duma ya yi 'ya'ya lafiya, kuma da na sa ido sai na ga shi da yamma yake buɗe farin furensa, wasu masu fukafukai kamar malam-buɗe-littafi ne ke zuwa masa. Kuka ma ba ta fasa ba, ashe jemagu ne ke lasar furenta, waɗannan da muke jifa da majajjawa don wasa. Har rakuwa, 'yar mitsitsiyar zumar nan marar harbi da ke damun ido, na same ta cikin furen kuɓewa tana fama. Kowane tsiro da nasa ma'aikaci, ba wanda ya ɗauke su, ba wanda ke ba su ko ruwa. Mu dai mu zo da kaka mu ce mun noma.

Kabewa ta yi. Ba kamar kowace shekara ba, amma ta cika ƙasan rumbu da rabin ɗakin Kaka, aka shanya wata a kan rumfa. Hatsi ya ƙare mana kafin bazara kamar yadda aka zata, muka ci kabewa har ƙannena suka fara kuka in sun ga an ɗora tukunya. Amma ba wanda ya kwana da yunwa, kuma ba mu fita roƙo ba.

Da aka gama kaka na yanko gamba na zauna a ƙofar zaure, inda Baba zai iya gani na, na fara saƙa amya. Na yi ta farko ta karkace. Ina cikin ta biyu sai na ji sanda ta taɓa mini hannu.

"Matse nan. In iska na shiga, ba su zama."

Wannan ce magana ta farko da ya yi mini wadda ba amsar gaisuwa ba. Na matse. Ya ce in ƙara. Muka yi bakwai a haka, shi da sanda, ni da hannu. Na je ruga na kwaso kashin shanu, na shafe, na turara, na ɗaura su a itatuwan da na ƙona na da. Sai jira. Sanyi ya zo ya wuce, ba komai. Ɗaya ma ƙadangaru ne suka shige ta. Kullum in zaga, in dawo, Baba ya dube ni, in girgiza kai. Sai da ɗorawa ta fara fure, wata rana da hantsi ina gyaran danga, na ga wani abu kamar hayaƙi ya taso daga wajen duwatsun Tsafe, ya bi ta kan gari, ya sauka a ɗorawar bakin fadama. Na je na tsaya daga nesa. Zuma ce, suna shiga amya. Lokacin Baba ya fara takawa da sanda, kuma bai yarda a kawo masa jaki ba. Ya ɗingisa har gindin itacen, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Bana ba mu shan zuma," in ji shi. "Wagga tasu ta, duka. Baɗi ma sai na gani."

Kafin ruwa ya sauka, uku sun cika.

Yau ƙarfina ya ragu, gwiwa ba ta son itace, kuma itacen ma ya yi ƙaranci. Amma ina da amya a kan kowace ɗorawa da ta rage a gonata, kuma na lura in ka bar mata wuri, zuma ba ta da riƙo. Bara wasu samari biyu daga 'Yankuzo suka zo da kansu suka ce in koya musu saƙa, don sun ga audugar da ke kusa da itatuwana ta fi tasu ƙwallo. Na koya musu. Na kuma gaya musu abin da na yi, ban rage ba, don kada su ɗauka wani mai hankali ne ke magana.

Amma in koma ga waccan shekara. Da damina ta zagayo, kabewar Kaka ta sake yin fure. Ranar farko, jikina ya riga ya saba, ina idar da salla na nufi bayan gida. Na tsinko namiji, na yage ganyensa, na duƙa kan wata mace mai gunda. Sai na ga an riga ni. Wata zuma tana can ciki, kanta ƙasa, jikinta duk gari kamar ta faɗa cikin ƙwaryar ɗorawa. Ta fito, ta tsaya a bakin furen tana share fuska da ƙafa, ta tashi ta faɗa na gaba. Na ɗaga ido, sai na ga wata, da wata, har kan rumfa.

Kaka tana bakin danga da butarta.

"Maigida, mi kaka nema nan?"

Na nuna mata tsinken da ke hannuna.

"Yar da shi. Masu wurin sun dawo, an kore ka. Kuma in gaya maka gaskiya, sun fi ka iyawa, ba su taka mani ganye." Ta zubar da sauran ruwan butar a gindin kabewa. "Ga hauyarka can. Gero bai da mai yi mashi sai kai."

Na yar da tsinken, na ɗauki hauya, na bi gefen danga a hankali don kada in taɓa fure.